Muryar Inna a Birnin Girkawa

Wata bakwai ke nan da dawowata Korgom, amma har yau in na ji ana juya makulli a jikin ƙofa sai in miƙe tsaye ban shirya ba. Mata suna tare ni a hanyar rijiya suna cewa, "Balkisa 'yar Turai, a ba mu labari mana." In yi murmushi in wuce. In na fara da baki kuka ke ƙwace mini maganar, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mutumin farko da ya yi mini dariya a ƙasar Girka ma'aikacin filin jirgi ne. Ya juya paspor ɗina gaba da baya, ya kalli hijabina, ya tambaye ni da wani gurgun Faransanci wurin wa na zo. Na ce wurin kawuna, yana kwance asibiti a nan Atina. Ya ce mene ne aikinsa? Na ce malami ne, falsafar Girkawan dā yake koyarwa. Sai ya kira na kusa da shi, suka yi magana da yarensu, suka kwashe da dariya. Aka zaunar da ni a wani ɗaki marar taga tun hantsi har bayan azahar. Suka buɗe walis ɗina, akwatin kayana, suka fito da garin geron da na daka da hannuna don in dama wa Kawu kunu, suka sansana shi kamar guba, suka juye shi cikin kwandon shara a gabana. Fitsari ya matse ni, na kasa tambayar bayi.

Abin da ya ba su dariyar kuwa gaskiya ne. Kawu Isuhu ƙanen mahaifiyata ne. Yana kiwon awaki aka zo neman yaran da za a kai lakkwal, makarantar boko, kowane gida ya ɓoye nasa cikin rumbu, shi aka samu a fili, maraya marar mai tsaya masa sai yayarsa. Daga Tasawa ya wuce Maraɗi, ya wuce Yamai, ya wuce Dakar, har Faransa. Can ya koyi tsohon Girkanci, wanda ko Girkawan yau sai sun shiga aji kafin su gane shi sosai. Ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a jami'a, ya rubuta littattafai uku da babu wanda ya taɓa buɗe su a garinmu, ban da ni da na gwada ɗaya lokacin muna ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, na yi shafi biyar kaina ya yi ciwo. Da ya ajiye aiki sai ya koma Atina don ya zauna kusa da tsofaffin takardunsu. Bai bar ɗa ba. A gida ana cewa boko ya cinye shi.

Amma bai taɓa yanke magana da Inna, mahaifiyata, ba. Inna ba ta karatu, ma'auniya ce a kasuwar Korgom, ita da tiyarta da tabarmarta. Tun ban san kaina ba Kawu ke aiko mata da kaset. Sai ya cika shi da magana, ya yi kwafi ya ajiye a wurinsa, ya aiko da ɗayan. Ita kuma ta saurara sau biyu ko uku, ta yi kwanaki tana juya abin, sannan ta ce in danna mata jan maɓallin rediyo ta ba shi amsa. Ko da salula ta zo ya ƙi canzawa, ya ce waya tana sa mutum ya amsa tun bai yi tunani ba.

Ba gaisuwa kaɗai suke yi ba. Akwai wata tambayar mutanen dā da ya yi shekara fiye da goma yana fama da ita, kuma da ita zai rubuta littafinsa na ƙarshe. In an ɗauke ƙwaya ɗaya daga tsibin gero, tsibi ne har yanzu? Tsibi ne. In an ƙara ɗauke ɗaya? Tsibi ne. To a wace ƙwaya ce ya daina zama tsibi? Ina tuna ranar da Inna ta fara jin wannan. Ta tafa hannu ta ce in danna.

"Kai Isuhu! Don wanga anka ɗauke ka daga kiwo? Wallahi awakin sun hi samun amfaninka."

Bayan kwana uku kuma ta ce in sake dannawa. Ta ce masa ita kullum tana auna tiya, kuma ba a taɓa ƙirga mata ƙwaya ba: tiya tana cika ne lokacin da mai saye ya daina cewa "ƙara" ita kuma ta daina cewa "ya isa". Daga nan suka kama, shi ya kawo abin da magabatan Girka suka ce, ita ta rushe masa da abin da ta gani a kasuwa, har Allah ya yi mata rasuwa bara waccan. A wani kaset ya ce mata, "Yaya, sunanki zan sa a gaban littahin nan, kusa da nawa." Ta ce ya sa sunan jakinsa in yana so.

Wanda ya fitar da ni daga ɗakin filin jirgin shi ne wani Bafaranshe, Antuwan, tsohon ɗalibin Kawu. Shi ya kira gidanmu ya ce Kawu ya faɗi, rabin jikinsa ya shanye, Faransanci da Girkanci duk sun gudu daga bakinsa, sai wani yare da ba mai ganewa yake yi, a turo wani ya yi jinyarsa. Ni ce mai Faransanci a cikin dangi, ko da ban ci bak ba, jarrabawar gama lise. Shi ya aiko da takardun biza da na jirgi.

Ga kuskurena, kuma ba zan ɓoye shi ba. A wurinmu ɗalibin malam ɗan malam ne. Yana share masa ƙofar gida, ba ya buɗe littafinsa sai da izini, in malam ya kwanta ciwo shi ke kwana a bakin ƙofa. Da wannan idon na kalli mutumin. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi a tsakiyar mutane, na kira shi Yaya Antuwan. Abin ya burge shi har ya ɗauke ni hoto. Da ya miƙo hannu ya ce in kawo paspor ya ajiye mini don kar ya ɓata, da hannu biyu na ba shi.

Ya kai ni ɗakin Kawu, a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Littattafai har rufi, tukwanen furanni a baranda, tabarmar sallarsa a naɗe bayan ƙofa. Na ce yaushe za mu tafi asibiti? Ya ce likitoci sun hana kowa shiga tukuna, sai jikin ya ɗan yi ƙarfi. Kafin nan, in ji shi, akwai aikin da zan yi wa Kawu wanda ya fi jinya. Ya jawo kwali biyu cike da kaset. Na gane rubutun da ke jikinsu. Rabi an sa harafin I, muryar Kawu ke nan. Rabi an sa Y, na Yaya, wato na Inna.

"Waɗannan kaɗai za ki fassara," ya ce, ya dafa na Kawu. "Na matar hirar gida ce. C'est la famille, ba ma bukatarsu." Ya tura kwalin Inna da ƙafa zuwa wurin takalma.

Da ƙafa. Na gani. Na ce a raina bai sani ba ne.

Da zai fita ya kulle ƙofar ta waje. Ya ce don tsarona ne, 'yan sanda suna kama baƙaƙe a titi, in suka same ni ba takarda za su mayar da ni gida ban ga Kawu ba. Bayan abin da na gani a filin jirgi, me zai hana in yarda?

Kwana tara muka yi a haka. Kullum da safe makulli ya juya, ya shigo da burodi da wani cuku mai gishiri kamar kanwa. Ya sa mini abin saurare a kunne, in ji jimla ɗaya ta Kawu, in tsayar, in faɗa da Faransanci, shi ya buga a ordinatarsa, wato kwamfuta. In na tsaya neman kalma sai ya riƙa ƙwanƙwasa tebur da biro. In Kawu ya ce "Yaya, kin ce mini kaza," sai ya ce in tsallake wannan. Duk kaset ɗin da muka gama sai ya sa shi a jakarsa ya tafi da shi. Kullum in tambayi Kawu, kullum ya ce, "Gobe, ma petite, gobe." Haka yake kirana, wai 'yar ƙarama. Ni da ke tashi da kukan zakara da ƙarar turmi, na koma ina leƙen titi ta baranda, ko rubutun da ke jikin shaguna ba na iya karantawa. Ban san gabas ba. Da inuwar tukwanen furanni na riƙa ƙiyasta lokacin salla.

Rana ta takwas ya fita baranda shan taba, ya bar wasu takardu a kan tebur. Ba leƙe na yi niyya ba, idona ne ya faɗa kai. Shafin farko sunan littafi ne, a ƙarƙashinsa sunan Antuwan, shi kaɗai. Na ɗaga na biyu. Ga maganar Kawu da na fassara shekaranjiya, kalma da kalma, amma duk inda aka ce "ni" yanzu shi ne. Can ƙasa da ƙananan haruffa an yi godiya ga "tsohon malamina, wanda hirarsa ta ba ni ƙwarin gwiwa". Hira! Shekara goma mutum yana kwana yana tashi da abu, a ce hira. Na mayar da takardun yadda suke. Da ya dawo na ci gaba da fassara, domin makulli yana aljihunsa, paspor ɗina ma haka. Wannan yinin ne ba na yafe wa kaina.

Kashegari Lahadi ce, bai zo ba. Da hantsi kewa ta ishe ni, na jawo kwalin Inna daga wurin takalma na share shi da gefen zanena. Na cire abin kunne, na buɗe rediyon da ƙarfi. Muryar Inna ta cika ɗakin, da kukan awakinmu a bayanta, da wata yarinya tana cewa "Inna, ya fara juyawa." Ni ce. Na kwanta a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ta. Sannan na sa ɗaya daga na Kawu don in ji abin da ya mayar mata.

Ina cikin haka makulli ya juya. Na miƙe na manne da bango. Sai ga wata tsohuwa gajeruwa, sanye da baƙaƙen kaya kamar mai takaba, riƙe da farantin abinci, tana kiran "Yusuf? Yusuf?" Ta gan ni ta yi ƙara, ni ma na yi ƙara. Maƙwabciyarsa ce. Kawu ya ba ta makulli tun da daɗewa don ta riƙa shayar da furanninsa in ya yi tafiya. Muryarsa ta ji ta bango, ta ɗauka an sallamo shi.

Ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa. Na nuna hoton Kawu, na dafa ƙirjina. Na nuna ƙofa, na yi alamar kullewa. Ta dube ni, ta dubi ɓawon burodin da ke kan tebur, fuskarta ta canza. Ta nuna kanta, ta nuna hoton, ta yi alamar cokali zuwa baki, ta ƙirga kwanaki da yatsu. Na gane: ita tana zuwa wurinsa kusan kullum. Babu likitan da ya hana kowa shiga.

Ta zaunar da ni na cinye farantin tas, wake ne da mai. Sannan ta kama hannuna kamar ƙaramar yarinya, muka sauka, muka shiga bas. Tsayawa shida kawai. Na ƙirga. Kwana tara ina kulle, kawuna yana nesa da ni tsayawar bas shida.

Da ƙyar na gane shi. Mutumin da nake tunawa dogo ne mai faɗin kafaɗa, wannan kuwa kamar an shanya riga a kan kara. An ɗaure masa hannun da ke motsi a jikin gado, wai yana ture abinci yana surutai. Na matsa na saurari surutan. Cewa yake a ba shi ruwa ya wanke hannu kafin ya ci. Shi ke nan. Sati uku malamin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da maganar kakannin mutanen nan yana roƙon ruwan wanke hannu, suna rubuta cewa hankalinsa ya gushe.

Na ce, "Kawu, ina wuni. Balkisa ce, ta Yaya."

Idonsa ya tsaya a kaina. Rabin bakinsa ya motsa. "Ɗiyata. Wa ya kawo ki wanga nisa? Ina mutanen gida? An yi ruwa?"

Na kwance masa hannu, na kawo ruwa a kofi na wanke masa, ya ci abincin tsohuwar har cokali goma. Sai na durƙusa a gefen gadon na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce ni na buɗe wa ɓarawo rumbunsa da bakina. Hawaye suka bi gefen da ya shanye.

"Na Yaya hwa? Kin hwassara mashi su?"

"A'a, Kawu. Ya ce hirar gida ce. Da ƙafa ya ture su."

Sai na ji wani sauti daga ƙirjinsa, na tsorata, na ɗauka numfashi ne ke sarƙe shi. Ashe dariya yake.

"Shekara shida ina koya mashi sauraro, bai koya ba. Tambayoyi ya sata, ɗiyata. Amsoshin suna wurin Yaya." Ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. "Ki kwashe su yau. Kar su kwana ɗakin nan. Ki kai su gida."

Kafin la'asar na ƙulle kaset ɗin Inna duka cikin zanena, da sauran na Kawu da ba mu kai gare su ba, muka shigar da su ƙarƙashin gadon tsohuwar. A ɗakinta na tare. Da safe Antuwan ya zo ya tarar da ɗaki wayam. Ina bayan ƙofarta ina jin takunsa. Ita kuwa ta fita da tsintsiya a hannu ta tare shi a kan matakala. Ban san me ta ce ba, amma duk ƙofofin benen sai da suka buɗe. Wata ma'aikaciyar asibiti mai jin Faransanci, wadda na gaya wa labarin, ita ma ta kira shi ta ambaci 'yan sanda. Kafin azahar ya kawo paspor ɗin, yana murmushi, yana cewa rashin fahimta ne, shi taimako ya yi niyya, mu mutanen Afirka muna da saurin zargi. Na tambayi kaset goma sha huɗu da ya tafi da su. Ya ce kayan bincike ne, suna wurin da ya dace. Har yau ban sake ganinsu ba.

Kwana goma sha tara na samu da Kawu. Tsohuwar ta samo mini wani gari mai kama da na alkama, na riƙa dama masa da nono, yana sha yana cewa wannan kunun marasa kunya ne. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya kira ni Yaya ya ci gaba da gardamar gero. Bizata ta zo ƙarshe, likitoci suka ce jikinsa ba zai ɗauki jirgi ba. Na ce zan zauna ko da za a kama ni. Ya ce in aka kama ni, wa zai kai muryar yayarsa gida? Na bar shi yana kallon ƙofa. Tsohuwar ta raka ni har filin jirgi, ta cusa mini dafaffen ƙwai cikin jaka, ta sumbaci goshina. Ko sunanta na gaskiya ban iya faɗa daidai ba. Sati uku da dawowata ya rasu. Wasu Musulmi 'yan Sudan suka yi masa sutura, can nesa da gari.

Yanzu ina zaune ina kwafe kaset ɗin a salula kafin zafi ya lalata su, ina kuma rubuta su da Hausa a littattafan lakkwal, nata da nasa, bi da bi. Abin da Inna ta ce bayan maganar tiya ba zan sa shi a nan ba. Na san irin masu karatu.

Watan jiya, ranar kasuwa, ina tsaye wurin masu awo, waya ta yi ƙara da lambar waje. Ina jin "ma petite" na gane Antuwan ne, na zauna a kan wani buhu. Ya yi mini ta'aziyya da murya mai laushi. Sannan ya ce ya tura aikin wurin masu dubawa, sun dawo masa da shi, sun ce kowane babi yana nuna wata amsa da ba ta cikin littafin. Ya ce ko zan taimaka in gaya masa abin da matar nan ta ce a wurare biyu ko uku kawai.

A gidanmu ɗiya ba ta kama sunan uwarta. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗarsa da ƙarfi ba. Ranar na faɗa, a tsakiyar kasuwa, har ma'aunan da suka zauna da ita shekara talatin suka juyo.

"Matar nan sunanta Habsatu. Ka ɗauki biro. Ka goge naka daga shafin farko, ka sa na malaminka, ka sa nata kusa da shi. In ka yi ka aiko mini in gani, sannan ka kira."

Na ji numfashinsa a cikin wayar, na ji biro yana ƙwanƙwasa tebur. Sai layin ya yanke. Ina nan a kan buhun har wata ƙawar Inna ta miƙo mini ruwa a ludayi ta ce, "Sha, ɗiyar Habsu. Wa ya taɓa ki?"

Bai sake kira ba.